An ce jini ba ya isa ƙwaƙwalwar ƙanena, mu saida fili mu kai shi sikana?

Ga saƙon da wata baiwar Allah ta aiko, na ɗan rage shi saboda tsawo:

"Salamu alaikum Yaya, ina wuni, ya gida ya yara. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni a nan Maradi nike, unguwar Zariya. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararshi 24, da yana taya kawunmu tsaron shago a babbar kasuwa, yaro mai fara'a mai son ƙwallo. Bara waccan ya fara canzawa, ya bar barci, yana cewa ana maganarshi a rediyo, yana jin muryoyi suna zaginshi alhali ba kowa a wurin. Munka yi na malamai har munka gaji, daga baya munka kai shi likita, lokotoro ya ce ciwon sikizofireniya ne ya rubuta mishi ardanas, Haldol da Largactil da Artane. Alhamdulillahi muryoyin sun yi sauƙi sosai amma yanzu sai zama kawai, ba ya wanka sai an matsa, ba ya fira, in ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi. To wani ɗan baffanmu ya turo bidiyo a gurup ɗin dangi na WhatsApp wai turawa sun gano masu wanga ciwo jini ne ba ya isa ƙwaƙwalwarsu, har da hoton kai mai ja da shuɗi. Tun ranar gidan ya rabu, Inna ta ce a kira wanzami ya yi mishi ƙaho a ƙeya a fitar da mataccen jini, ɗan baffan ya ce a bar ƙwayoyin nan su ke kashe mishi jiki a sayo maganin buɗe jijiya da na ƙarin jini, babban yayanmu kuma ya ce a saida filin da Baba ya bari a kai shi Yamai ko Kano a yi sikana a ga inda ya toshe. Ni ke ba shi magani kullum kuma wallahi duk na rikice. Gaskiya ce maganar jinin nan? Me za mu yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya ya saka miki. Kafin komi ga amsata a dunƙule dan kar ki gaji da karatu ba ki same ta ba: kar ku saida filin nan, kar ku tsaida mishi magani ko na kwana ɗaya ba da sanin lokotoronshi ba, kuma babu wata jijiya da ta toshe a kan yaron nan da za a je Yamai a buɗe. Amma bidiyon ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ma ta kama mutanen gidanku, akwai gaskiya a ciki sai dai an yanke ta rabi an bar muku rabin da ke sa a kashe kuɗi.

Bari in ɗan daɗe a kan maganar jinin dan ita ce za ki ɗauka ki kai ma Inna da Yaya, wato babban yayanku, kuma in ba ki gane ta da kyau ba ɗan baffan nan zai kada ki da hoto mai launi.

Ƙwaƙwalwa ƴar ƙarama ce, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin mutum ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗaukowa daga huhu, kuma a kowane minti ɗaya wajen mililita 750 na jini ke ratsa ta, wato kashi uku cikin huɗu na lita. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke hawa da shi ta wuya, biyu ta gaba biyu ta baya. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne jinin ba ya rabuwa daidai wa daida a cikin kai, duk sashen da ya kama aiki a wanga lokaci shi ke kiran jini, cikin daƙiƙu kaɗan ƙananan jijiyoyin wurin su buɗe jini ya ƙaru, in ya gama aikin ya koma yadda yake. Wannan ba sabon ilimi ba ne, tun 1890 wasu masana biyu a Ingila, Roy da Sherrington, sunka rubuta shi. Kin ga ƴan kabu-kabu, in kinka je bakin babbar kasuwa da hantsi za ki tarar da su cunkus, in kinka shiga wani lungu cikin unguwa da tsakar rana sai ki daɗe tsaye ba ki ga ko ɗaya ba, kuma ba hanyar lungun ce ta toshe ba, fasinja ne babu. In ma kinka tattaro mashin hamsin kinka zuba a lungun ba su za su haifar da fasinja ba. To jini a ƙwaƙwalwa haka yake bin aiki.

Yanzu ga abin da anka gano game da ciwon ƙaninki. A 1974 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Ingvar da Franzén, sunka auna yadda jini ke zagaya kan masu sikizofireniya da sunka daɗe da ciwon, ta hanyar saka wata iska mai suna zenon a jijiyar wuya suna bin sawunta da na'ura. A kan mai lafiya da ke kwance yana hutawa sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi ya fi samun jini. A wurin marasa lafiyar sai sunka ga wannan fifikon ya ragu, kuma ya fi raguwa ga waɗanda sunka fi yin shiru da janye jiki daga mutane. Sashen goshin nan kuwa shi ke tsara abu, shi ke cewa tashi ka yi wanka ka tafi kasuwa, shi ke riƙe lissafi a kai har a gama ba da canji, shi ke sa mutum ya canza dabara in ta farko ba ta ɓulle ba. A 1986 kuma a Amurka Weinberger da abokan aikinshi sunka ba mutane wani gwajin jera kati wanda ake canza ƙa'idarshi ba a faɗa ma mutum ba sai ya gano da kanshi, ana auna jinin suna cikin yi. Masu lafiya da sun fara sai jini ya ƙaru a goshin, masu ciwon kuma bai ƙaru yadda ya kamata ba, amma da anka ba su wani gwaji mai sauƙi na haɗa lambobi bambancin bai fito haka ba. Ki lura da wannan da kyau, da a ce bututu ne ya toshe ai ko wane aiki anka ba shi a toshe zai zauna. Sun ma gwada tagwaye masu kama ɗaya waɗanda ɗaya ke da ciwon ɗaya ba shi da shi, a 1992, sunka tarar mai ciwon shi ke da ƙarancin jinin goshi a lokacin gwajin katin in an kwatanta da ɗan uwanshi.

Wannan shi ne shuɗin da kunka gani a hoton. Jan fa? Shi ne rabin da mai bidiyon bai tsaya a kai ba. A 1993 a Landan McGuire da abokan aikinshi sunka auna marasa lafiya a daidai lokacin da suke jin muryoyi, sunka sake auna su bayan muryoyin sun lafa, sai ga shi lokacin muryoyin jini ƙaruwa ya yi a sashen da ke haɗa magana a gefen hagu na kai. Wato wurin da mutum ke ƙirƙirar maganar zuci yana ta aiki, shi kuma mai ciwon yana jin ta kamar daga waje take zuwa, shi ya sa in kinka ce mishi "ba kowa fa" sai ya ga kamar ke ce ba ki da gaskiya, dan shi wallahi ya ji. Haka wani sashe can ciki da ake kira hipokampus mai kula da tuna abubuwa, bincike a jami'ar Kolombiya ta Niyok ya nuna jini ya yi yawa a wani yanki nashi ga masu ciwon, har ga wasu da ba su kai ga ciwon ya bayyana ba tukuna. Ke nan a kai ɗaya wani wuri ya yi ƙasa wani wuri ya yi sama. To maganin buɗe jijiya da ɗan baffanku ke cewa a sayo, wane wurin zai buɗe ya bar wane?

Akwai kuma abin da ba a faɗa a irin waɗannan bidiyo. Hoton nan mai launi galibi ba kan mutum ɗaya ba ne, an tara marasa lafiya da yawa an tara masu lafiya da yawa, kwamfuta ta fidda matsakaicin kowane ɓangare sannan ta shafa launi a inda sunka bambanta. In kinka ware mutum ɗaya ɗaya sai ki samu mai ciwon da jinin goshinshi daidai yake da na kowa, ki samu lafiyayye garau da nashi ya yi ƙasa, kuma ana ganin irin wannan raguwar a wasu cututtukan daban kamar ciwon damuwa mai tsanani. Shayi mai ƙarfi da kofi ma suna rage jinin da ke zuwa kai na ɗan lokaci, shi kanshi maganin da yake sha yana canza hoton. Shi ya sa har yau babu inda ake tabbatar da sikizofireniya da hoton jini, ko a Faransa ko a Amurka, da tambayoyi ake gane shi da labarin da dangi sunka bayar da kuma kallon mara lafiya na tsawon lokaci, kamar dai yadda lokotoronku ya yi. Kuma sikanan da Yaya ke nufi ma siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa, ko akwai ƙari ko jini ya zuba ko wani wuri ya mutu, na'urorin da anka yi waɗancan binciken da su daban ne. Za ku saida gadon marayu, ku yi kuɗin mota da masauki da abinci, ku jigata yaron a hanyar Yamai ta fiye da kilomita 600, a miƙo muku takarda a ce ba a ga komi ba, ku dawo gida da ardanas irin wadda ke hannunki yanzu, sai dai babu fili.

Ba wai sikana ba shi da rana ba. In da ciwon ya faro ne bayan faɗuwa a mashin ya bugu a kai, ko yana farfaɗiya, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun yi sanyi, ko baki ya karkace, ko ciwon kai mai tsanani da amai wanda kullum ƙaruwa yake, ko kuma dattijo ne da bai taɓa yin komi ba rana ɗaya ya rikice, to nan ana neman hoto dan a tabbatar ba wani abu ne daban ke ɓoye ba. Haka wanda ya rikice tare da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, mu da ke wannan yanki mun san sanƙarau mun san zazzaɓin sauro mai hawa kai, wannan likita ake gudu da shi a daren. Ba ki ambaci ko ɗaya cikinsu ba. Duk da haka ki tambayi lokotoron kai tsaye "akwai abin da ka gani da ke buƙatar sikana?" in ya ce e sai a yi, shi ne ya duba shi da idonshi.

Sai jirin. Na san shi ne hujjar da ake kafawa a gidan, "ga shi nan ko tsayuwa ba ya iyawa, ai jini ne babu." Abin dariya a nan kam sun kusa gaskiya amma ta wata ƙofa daban. Largactil yana sassauta jijiyoyin jiki, in mutum ya miƙe da sauri tansiyo ɗinshi ya faɗi na ƴan daƙiƙu, jinin da ke hawa kai ya ragu ido ya yi duhu, sananniyar illar maganin ce ba alamar toshewa ba. Zafin Maradi kuma yana ƙara ta, ballantana watan huɗu da na biyar ga kuran da ke tafiya ya bar mutane cikin gumi. Ki koya mishi in zai tashi ya fara zama a bakin katifa ya ɗan jima sannan ya miƙe, ya riƙa shan ruwa sosai, kar ya daɗe a rana dan maganin na sa fata saurin ƙonewa kuma jiki ba ya fidda zafi yadda ya saba. Ranar randebu ki ce a auna tansiyo yana kwance a sake aunawa yana tsaye. Lokotoro na iya rage Largactil ɗin ko ya maida shi na dare kawai ko ya canza, tunda muryoyin sun lafa. Yanzu ki duba, mutumin da tansiyo ɗinshi ke faɗuwa a ƙara mishi maganin buɗe jijiya daga tiren mai talla, wanda ya sha rana ba a san me ke ciki ba, ai faɗuwa zai yi a banɗaki ya fasa kai, sannan ne za ku nemi sikana na gaske.

Maganin ƙarin jini shi ma in ba a yi analis an ga jininshi ya yi ƙasa ba asarar kuɗi ce. Analis ɗin ba shi da tsada in an kwatanta da tafiya Yamai, a yi shi hankalin kowa ya kwanta.

Ita kuma Inna kar ki yi mata gardama a gaban mutane, uwa ce, tana ganin ɗanta zaune kamar ba shi ba dole ta nemi abin da hannunta zai iya. Ki same ta ku biyu. Jinin da wanzami ke ja da ƙaho daga fatar ƙeya yake fitowa, tsakaninshi da ƙwaƙwalwa akwai ƙashin kai, ba ya taɓa abin da ke faruwa a bayan goshi. Ni ban hana kowa ƙaho ba, amma ba shi ne maganin wanga ciwo ba, kuma yaron da ke jiri ba lokacin zubar mishi da jini ba ne, ga kuma wanda dama yake zargin ana son cutar da shi a danne shi a sa mishi aska a wuya, kina iya rasa yardar da ya ba ki wadda da ita yake karɓar magani a hannunki. In Inna ta kafe to a bari sai jirin ya wuce, sai shi da kanshi ya yarda, kuma da sabuwar reza saboda ciwon hanta. Addu'a da rubutun sha da karatun Alƙur'ani a kusa da shi a ci gaba, ba su faɗa da ƙwaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turara mishi hayaƙi a ɗaki a rufe, da mari a ƙafa, da duk malamin da zai ce sai an ajiye maganin likita nashi zai ci.

Ajiye maganin nan shi ne ya fi komi ba ni tsoro cikin saƙonki. An haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa an buga a 2012, cikin waɗanda sunka samu sauƙi anka bar su a kan magani wajen 27 cikin 100 ciwon ya dawo ma cikin shekara ɗaya, waɗanda anka cire ma magani kuma 64 cikin 100. Kuma ba ranar da anka bari yake dawowa ba, sai a yi sati uku wata biyu yaro ya ma fi walwala kowa na cewa "kun gani ai ƙwayoyin ne", sannan dare ɗaya barci ya ƙaurace a koma gidan jiya, ɗan baffan da ya ba da shawarar kuma yana gidanshi yana barci ke ce za ki kwana a bakin ƙofa. Magungunan nan tsofaffi ne an san su ciki da bai, Largactil tun 1952 anka fara ba masu ciwon a asibitin Sainte-Anne na Paris, Haldol kuma an haɗa shi a Beljiyam a 1958, aikinsu rage ƙarfin wani sinadari mai suna dopamin wanda ke yin yawa a wani sashe na ƙwaƙwalwa ya haddasa muryoyi da zargi. Suna da illa, ban ɓoye miki ba, sanƙarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, ido ya kafe sama, rashin iya zama wuri ɗaya, dan su anka haɗa mishi da Artane. Shi Artane ɗin ki ɓoye shi a wurinki ki riƙa ba shi da hannunki, samari na nemanshi dan maye kuma abokai na iya lallaɓa shi su karɓe. In wata rana kinka ga zazzaɓi mai zafi tare da jiki ya sanƙare ƙam yana gumi ba ya gane mutane, kar ki ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya, ku tafi likita nan take ki faɗa musu sunan magungunan da yake sha.

Zaman nan da yake yi da ƙin wanka da rashin fira, a nan ne binciken jinin ke da amfani gare ku na gaske, ba a wurin saye-saye ba. Shi ke nuna muku cewa sashen da ke tada mutum ya fara abu ne ke aiki ƙasa da yadda ya saba, ba ragwanci ba ne ba raini ba ne, kuma gori ba ya tada shi, an ma gano cewa gidan da ake yawan faɗa da suka da sa ido ciwon ya fi saurin dawowa. Amma abu uku ne ke iya kawo wannan zaman kuma a ido kama suke, ciwon kanshi, ko magani ya yi mishi nauyi, ko baƙin ciki dan ya farfaɗo ya ga abokanshi sun yi gaba ana nuna shi a unguwa. Na biyu da na uku ana gyara su, shi ya sa kar ki je randebu ki ce "da sauƙi" kawai ki karɓi ardanas ki fito irin yadda muke yi dan kunya. Ki samu ƙaramin kaye ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya kwanta ya tashi, ya ci abinci, ya yi wanka da kanshi ko sai da anka ce, jiri sau nawa, ki karanta ma lokotoro. Ki tambaya ko za a iya gwada mishi irin su risperidon ko olanzapin in ana samu kuma aljihu zai ɗauka, da ko allurar wata-wata za ta fi muku sauƙi, akwai ta Haldol akwai Modecate, pikir ɗaya ya huce miki fama da shi kullum da masu cewa a bari.

A gida kuma ki daina ce mishi "tashi ka yi wani abu", ya yi mishi faɗi. Ki ce "ga ruwa can na kai, tashi ka yi wanka", in ya gama ki ce "zo ka raka ni shago". Abu ɗaya a lokaci ɗaya, kullum a lokaci guda. Ki roƙi kawu ya bar shi ya riƙa zuwa shagon awa ɗaya ko biyu da safe kafin kasuwa ta cika, jera kaya da share gaba, ba riƙon kuɗi ba tukuna. Tunda mai son ƙwallo ne a samu aboki ɗaya mai hankali ya riƙa jan shi fili da yamma ko kallo ne ya yi. Fadar samari kuma ki san wacce yake zama, dan wiwi da tramol suna rushe duk abin da kinka gina, wiwi musamman an tabbatar tana tada ciwon. Kuma na san ba a daɗe ba wani zai ce a yi mishi aure zai warke, aure ba magani ba ne, in ya daidaita yana sana'arshi zai iya yi kamar kowa da sharaɗin an faɗa ma yarinyar da iyayenta gaskiya.

In dangi na son su damu da jijiyar jini to ga inda damuwar ke da amfani. Masu wanga ciwo suna rasuwa da wuri fiye da sauran mutane, kuma yawanci ciwon zuciya da hawan jini da sukari ke ɗaukarsu, saboda taba da zama wuri ɗaya da ƙibar da wasu magungunan ke sawa, olanzapin musamman, da kuma yadda in sun ce wani wuri na ciwo ba a saurarensu. Dan haka a riƙa auna nauyinshi da tansiyo da sukari lokaci lokaci, in yana shan sigari a taimaka mishi ya rage, amma a gaya ma lokotoro dan barin taba na canza ƙarfin wasu magungunan a jiki.

Abu ɗaya da ba a son faɗa amma dole in faɗa, wajen mutum 5 cikin 100 na masu ciwon suna kashe kansu, kuma haɗarin ya fi yawa ga samari a shekarun farko, sau da yawa lokacin da sunka fara samun sauƙi. Ki tambaye shi a hankali ku biyu ko yana jin ya gaji da rayuwa, ko muryoyin na umartarshi da wani abu, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ya ce e, ranar za ku koma likita, kuma ki kawar da maganin ƙwari na gona da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunshi zai kai.

Kar ki ga kamar gidanku kaɗai abin ya faɗa ma, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 300 ke da shi a duniya, ki auna yawan mutanen Maradi ki gani, ɓoyewa kawai ake yi. In wata rana lokotoronku ya ga abin ya fi ƙarfin nan shi zai rubuta muku takarda zuwa Pavillon E, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, wasu kuma na tsallakawa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, amma da takarda ake zuwa ba da bidiyo ba.

Game da filin, Yaya ba mugunta yake nufi ba, so yake ya yi wani babban abu sau ɗaya a wuce wurin, ciwon nan kuma ƙananan kuɗi yake ci wata bayan wata na shekaru. Ki ce mishi maimakon saidawa a ba da shi aro ko a noma, abin da ya fito a ware na farmasi da na kabu-kabun zuwa randebu, ɗan baffan nan mai turo bidiyo shi ma a yanka mishi nashi kason na wata tunda ya damu. Ke ma a samu mai karɓarki ko kwana biyu a sati, ba zai yiwu ke kaɗai ba. Randebu mai zuwa kuma ki ja Yaya ku tafi tare da wayar da bidiyon ke ciki, ya nuna ma lokotoro ya yi tambayar sikanan da bakinshi, dan kin san halin yayyenmu maza, abin da ƙanwa ta faɗa sau goma ba ya shiga sai sun ji daga mai farar riga.